Umma za ta cika sittin: gidan sitek ko rago a gida?

Autar Umma: Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah shawara nake nema kuma da gaggawa. Ummanmu za ta cika shekara sittin a tsakiyar watan nan, mu shida ta haifa ni ce auta, tun watan goma muke karo-karo muna so mu fita da ita da daddare wajen cin naman nan da ake gasawa a kawo maka shi guda a faranti da wuƙa da cokali mai yatsu, sitek dai. Akwai wani waje a Nasarawa GRA da Yayanmu babba ya taɓa zuwa da mutanen ofis ɗinsu, tun daga ranar bai bar kunnenmu ya huta ba. To yanzu gida ya rabu biyu, Yaya ta biyu tace wallahi ɓarnar kuɗi ce a sayi rago a yanka a gida kowa ya ci har maƙota, shi kuma yace Umma shekara arba'in tana tsugune gaban murhu tana ciyar da mu, rana ɗaya dai ta zauna ita ma a kawo mata. Ni ina tsakiya kowa kira na yake. Akwai wanda ya taɓa kai tsohuwarsa irin wajen nan? ya ta kaya?

Maman Biyu: Wa alaikumussalam, masha Allah Allah ya ƙaro shekaru masu albarka ya bar mana su. Ni dai ina bayan Yaya babba.

'Yar Fagge: Amin. Amma Auta tsaya in tambaye ki, ya akai kuka san ranar? don ni tamu tsohuwar katin zaɓenta 1 ga Janairu, na babanmu 1 ga Janairu, na kishiyarta ma haka, in bazde za mu yi sai dai mu haɗa su rana ɗaya hhh

Autar Umma: Hhhh wallahi ita ma katinta 1 ga Janairu ne. Amma kakarmu Allah ya jiƙanta kullum labarin ɗaya ne, tace kwana biyu da kashe Sardauna ta haife ta, cikin azumi, gari yayi tsit kowa kunnensa na jikin rediyo, kuma sunan ya faɗo cikin hidimar ƙaramar sallah shi yasa ba a yi wani taro ba. Har yau 'yan uwanta Azumi suke ce mata.

Malamin Makaranta: To ai kuwa lissafinku ya fi na katin inganci. An kashe Sardauna ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, kuma tabbas a goman ƙarshe na Ramadan ne, shekarar 1385. Kenan 17 ga Janairu aka haife ta. Amma ki faɗa wa Yayanku in da lissafin Hijira za a bi kun makara, ta wuce sittin tun tuni, azumin nan mai zuwa 62 za ta cika, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana goma sha ɗaya. Ta ma girmi jihar Kano, ita sai 1967 aka yi ta.

Ustazun Gurup: Ni kam ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Wannan bazde ɗin daga ina muka samo shi? iyayenmu ba su san shi ba, kakanni ba su san shi ba. Manzon Allah SAW da aka tambaye shi azumin Litinin cewa yayi ranar da aka haife shi ce, to ka ga godiyar da azumi aka yi ta ba da kek ba. Kuma sittin ba shekarar shagali ba ce, hadisi ya zo cewa shekarun al'ummar nan tsakanin sittin ne zuwa saba'in, kaɗan ne suke wucewa. Mai sittin addu'a yake buƙata da sadaka. Kuɗin nan ku kai gidan marayu da sunanta ko ku zuba a asusun umara.

Maman Biyu: Malam wa yace ba za a yi addu'ar ba? kullum ku da an ce za a faranta wa mace rai sai ku kawo gidan marayu, amma in abokinku ya ƙara aure ku ne a gaba wajen walima ba wanda yake tuna marayu

Ustazun Gurup: Hajiya walima sunna ce ai, kada ki haɗa.

Malama Hajiya: Ku bi a hankali. Malam hadisan da ka kawo haka suke, ba musu. Amma malamai sun yi saɓani a kan wannan, akwai masu hanawa saboda kamanceceniya da wasu, akwai masu ganin al'ada ce ba ibada ba matuƙar ba saɓo a ciki. Abin da ba saɓani a kansa shi ne kyautata wa uwa. In kalmar bazde ce take damun wani a ajiye ta, 'ya'ya sun fita da uwarsu sun ciyar da ita sun yi mata addu'a, wa zai ce wannan laifi ne? Ni abin da bana so shi ne a sa dattijuwa hular takarda ana hura kyandir ana ɗaukarta a waya ana sawa a TikTok, wannan ba girmamawa ba ce.

Admin: Dan Allah kar a mayar mana da zancen nan rigimar Maulidi, bara sai da muka rufe gurup kwana uku. Kowa ya faɗi fahimtarsa, a koma kan nama.

'Yar Fagge: To a kan nama ni ina da labari. Kwanakin baya muka kai babanmu irin wajen nan da yayi ritaya, aka kawo masa nasa ya sa wuƙa ya yanka sai ga wani jan ruwa yana bin faranti, ya ajiye wuƙar ya kalli yayana yace kai yanzu kuɗi ka biya aka kawo min ɗanyen nama? aka mayar aka sake gasawa ya dawo kamar fatar takalmi, bawan Allah ya yi ta fama da shi saboda kara har ya ci rabi. Muna fitowa ko titin gidan Zoo ba mu kai ba yace a tsaya wajen mai tsire, ya sayi na dubu uku da gurasa ya cinye a mota yana cewa yanzu na ci nama. Har yau in ana hira sai ya tayar da zancen.

Maman Biyu: Hhhhh Baba ya burge ni

Autar Umma: Kin ga abin da nake tsoro kenan wlh. Umma ko ƙwai ne in tsakiyarsa bai dahu ba ba ta ci.

Ɗan Mahauta: Bari in sa baki tunda an zo gidanmu. Ni a Abbatuwa na tashi, tun ina firamare nake riƙe wa babanmu ƙafa. Abin da ya samu Baban 'Yar Fagge ba laifin wutar ba ne kaɗai, daga yankan ne. Shanunmu na nan, bunaji ne ko rahaji ko bokolo, dabbobin tafiya ne, san da za ka gani a kasuwar Wudil ranar Juma'a Allah kaɗai ya san dajin da ya taka kafin ya zo, ciyawa yake ci ba dusa a ɗaure ba, to tsokarsa ta yi aiki, akwai ɗanɗano amma akwai tauri kuma kitsen ba ya ratsa cikin tsokar. Sannan mu da asuba ake yanka, kafin la'asar an sayar an dafa. Nama kuwa in an yanka bayan wasu awanni sai ya sandare, sai ya kwana biyu a sanyi yake sakin jiki, masu sitek na gaske sati biyu har uku suke ajiye shi a ɗakin sanyi kafin ya hau wuta. To ka faɗa min da wutar garin nan wa zai yi haka in ba mai janareto ko sola mai ƙarfi ba, kuɗin da kuke gani a takarda rabinsa na dizal ne.

Shi yasa kakanninmu suka yi dabara, tsire a fere shi siriri a shafa ƙuli da mai, kilishi a shimfiɗe shi kamar takarda, balangu a bar shi a kan wuta a hankali da kitsensa, dambu a dafa a daka. Duk maganin tauri ne.

Auta in za ku je, ki ce a ba Umma filet. Wata tsoka ce doguwa a cikin gadon baya ta wajen ƙoda, saniya ba ta aiki da ita shi yasa take da laushi tuɓus, guda biyu ce rak a jikin sa guda, mu kanmu tun kafin a feɗe masu otal sun riga sun kama. Ita ce ko an gasa ta sosai ba za ta wahalar da haƙori ba. Kar ki bari a ba ta na cinya don an ce ya fi girma.

Maman Biyu: Kai Ɗan Mahauta yau ka buɗe makaranta. To ni na ɗauka daga waje suke shigo da naman

Ɗan Mahauta: Naman shanu yana cikin jerin kayan da kwastam suka hana shigowa da su Hajiya. In wani yace miki nasa daga Amurka yake ki tambaye shi ta ina ya biyo. Mafi yawa namu ne na nan, zaɓe ne da ajiya.

Ustazun Gurup: To jinin fa? ni ko an bar maganar bazde wannan jan ruwan bai kwanta min ba, jini haramun ne.

Anti Nas: Malam ba jini ba ne. Jinin dabba yana fita wajen yanka. Wannan ruwan jikin tsokar ne ya haɗu da wani sinadari da ake cewa mayogulobin, shi ne yake sa naman sa ja na kaza kuma fari, in ya ji wuta sosai sai ya koma ruwan ƙasa. Ka lura jini in ya ji zafi daskarewa yake yayi baƙi, wannan kuwa tsararo ne. Ta wajen lafiya, gudan nama in tsakiyarsa ta kai digiri 63 aka bar shi ya huta minti uku ya wadatar, wanda ya gasu gaba ɗaya ba ja ko kaɗan yana kai wa 71. Niƙaƙƙen nama ne dole sai ya dahu har ciki. Amma ni ga dattijuwa gara ya gasun, hankalinta ya fi kwanciya.

Malama Hajiya: Kuma ayar Suratul An'am jini mai kwarara ta ambata, daman masfuhan, abin da ya saura a cikin tsoka bayan yanka malamai ba su hana shi ba. In da haka ne ai da ba mai cin hanta. Abin da ya kamata a tambaya shi ne miyar da suke zubawa a kai, don a girkin Turawa akwai wadda ake sa giya a ciki. A Kano da wuya, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Ustazun Gurup: Na karɓi wannan. Allah ya ƙara sani.

Anti Nas: Auta tana da hawan jini ko suga? in akwai ki ce su rage gishiri, miyar a kawo ta daban a gefe, kuma kar a cika ta da lemon kwalba. Sannan sanyin nan da ake yi kar ku yarda a zaunar da ku a waje, in ciki ne ma ku ce a rage AC.

Akanta: Ni ta wajen kuɗi zan yi magana don a nan ake jin kunya. Farashin da ke jikin takardar abinci ba shi ne za ki biya ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, wasu su ƙara nasu kuɗin hidima a kai, ruwan roba da kike saya a bakin titi a can ya ninka sau nawa, wani wajen ma dankalin da za a haɗa miki da shi kuɗinsa daban, in kin zo da kek ɗinki daga waje su ce sai kin biya kuɗin yankawa. Ki je da rana ke kaɗai ki ce a lissafa miki na mutum goma har ƙarshe a rubuce. Mafi ƙarancin albashi a Kano dubu 71 ne, ni na ga teburin mutum uku da ya cinye fiye da haka a zama ɗaya. Kuma bil ɗin kar ya zo tebur, Yaya ya tashi kamar zai je alwala ya biya a kanta, wallahi in tsohuwa ta ga lambar abin da ta ci sai ya tsaya mata a wuya.

'Yar Fagge: Kuma ku tuna dokar adaidaita ta ƙarfe goma na dare, in ba kowa ne da mota ba ku fita ana idar da isha'i, don wajen nan sai ku yi awa guda ba a kawo abinci ba

Yayar Auta: Salamu alaikum. Ni ce Yaya ta biyun da ake ta magana, Auta ta manta ina cikin gurup ɗin nan.

Maman Biyu: Innalillahi hhhhhh

Autar Umma: Yaya wallahi ban faɗi wani abu mara kyau ba ki duba sama

Yayar Auta: Na karanta tas. Ba rowa ce ta sa nace a yi a gida ba, kasona na riga kowa biya a tambaye ta. Ni na fi su zama da Umma. Matar nan tunda nake ban taɓa ganin ta cinye nama ita kaɗai ba, in ka kawo mata tsire sai ta kira yaran maƙota ta bi su da yanka ɗai-ɗai, ta aika wa tsohuwar gidan baya, abin da zai rage mata bai fi albasa da yaji ba, kuma a haka take jin daɗinsa. Yanzu ku ɗauke ta ku kai ta inda kowa da farantinsa ba mai sa hannu a na wani, jikoki goma sha huɗu an bar su a gida don kuɗi ba zai kai ba, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya tana Dambatta ba a ko yi zancenta ba. Za ta yi murmushi tace Allah ya yi albarka don ba ta iya ƙin abin 'ya'yanta ba, amma ni na san hankalinta na gida. Shi Yaya so yake ya ga Umma a wajen manya, na gane, yana da gaskiyarsa, har yau yana tuna lokacin da take sayar da waina a ƙofar gida ta biya masa kuɗin jarrabawa. Amma daren nan nata ne ko namu?

Malama Hajiya: Allah ya yi miki albarka. To ni tambaya ɗaya, duk cikinku akwai wanda ya tambaye ta?

Autar Umma: So muke mu yi mata ba-zata Malama

Anti Nas: Ba-zata ga mai sittin da hawan jini? ku rufa mana asiri

Malamin Makaranta: Ku tambaye ta kawai. Amma ku aika wanda ba ta jin nauyinsa, in ɗan fari ne ya je ba abin da zai ji sai to, kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa balle ta yi masa musu. Auta ce daidai.

Autar Umma: Na dawo. Na same ta tana tsince shinkafa na faɗa mata komai har rigimar. Tayi dariya har da ƙwalla tace au dama abin da kuke ta ƙus-ƙus a kai kenan. Tace ita fa tana so ta je ta ga wajen da yaron nan yake ta zuzutawa, ba ta taɓa cin abinci da wuƙa ba tana so ta gwada kafin ta mutu, amma da sharaɗi, a ɗauko mata Inna daga Dambatta, kuma ranar Juma'a kafin nan a yi waina da miyar taushe a raba wa maƙota da almajirai, jikoki su ci su ƙoshi, ita za ta soya da hannunta. Nace Umma ai hutun ne muke so ki yi, tace wa ya faɗa miki na gaji.

Yayar Auta: Shikenan an gama. Ni zan kawo kuloli.

Ustazun Gurup: Ka ga sadakar ta shigo da kanta. Allah ya karɓa.

Maman Biyu: Auta shiru, an yi kwana huɗu fa, ya aka ƙare? mu da muka ba da shawara ko hoto

Autar Umma: Ku yi haƙuri gajiya ce. Hoto kam Umma ta hana a sa. Alhamdulillah an yi lafiya, mu tara muka je. Na bi maganar Ɗan Mahauta nace filet guda biyu a gasa sosai, ita da Inna. Da aka kawo Umma ta juya farantin ta kalle shi ta ko'ina tace shikenan? ɗan wannan? sai ta riƙe wuƙar kamar za ta yanka kubewa, Yaya ya taso zai yanka mata tace ya koma ya zauna. Ta kai yanka ɗaya baki ta tauna ta yi shiru, mu duk mun zuba mata ido ba mai numfashi, tace laushi kam akwai amma ba su san yaji ba. Kawai sai Inna ta buɗe jaka ta fito da ƙullin yajin ƙuli a leda, wallahi daga Dambatta ta taho da abinta, suka barbaɗa, ɗan yaron da yake kawo mana abinci ya juya baya kafaɗarsa na rawa, ƙarshe shi ma Inna sai da ta ƙulla masa kaɗan.

Dankalin da aka dama da madara ba ta ci ba tace wannan abincin mai jego ne ko na jariri. Kek mun yanka ba kyandir ba waƙa, Inna ce tayi addu'a ta dinga kiran sunayen iyayensu da 'yan uwansu da suka rasu ɗaya bayan ɗaya, su tara aka haifa saura su biyu, a nan ne Umma ta ja mayafi ta rufe fuska, Yaya babba ma ya tashi wai zai je biyan kuɗi ya daɗe bai dawo ba.

Kuma Yaya ta biyu ta canka, rabi ta ci. Sauran tace a ƙunsa mata, da safe ta yanka shi ƙanana ƙanana ta bi jikoki da shi, har tsohuwar gidan baya sai da aka kai wa yanka biyu a ɗan kofi.

Ɗan Mahauta: Inna ta san aiki. Gishiri da barkonon Turawa kaɗai ina zai kai mutum

Akanta: Ta tambayi kuɗin?

Autar Umma: Tun a mota. Nace ban sani ba, Yaya yace ragi aka yi masa, jiya ma ta sake tsare ni a kicin tace in faɗa mata tsakani da Allah ya kai kuɗin buhun shinkafa? nace Umma wayata na ƙara.

Yayar Auta: Auta kulolina guda uku har yau suna wajenki, babbar mai ruwan goro gobe nake buƙatarta, ki ba wa yaro ya kawo min Gwammaja kafin azahar.